Tambaya ta Goma Sha Ɗaya

Maamobi, Accra
Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Yaya Izzuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da sanyin Kigalin nan da kake yi mana taƙama da shi. Mu nan lafiya lau, sai zafi da hayaƙin trotro, motocin hayarmu. Mama tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kwamfutar da ka aura ta haihu. Ni babu ruwana, saƙo aka ba ni.

Ka ga a takarda na rubuta, na ɗauki hotonta na turo maka. Na san halinka. In na kira ka, za ka katse ni tun ban kai rabi ba, ka hau yi mini bayani kamar 'yar aji ɗaya. Wannan dole ka karanta ta har ƙarshe.

Maganar Inna Sabuwa ce, Gwaggonka ta Nima, wadda kakanta ɗaya da Mama da marigayi mahaifinka, Baba Maman. Ka san idonta na hagu ya daɗe da tafiya. Yanzu na daman ma yanar ido ta rufe shi, har ta bar dafa waakye, shinkafa da waken nan, saboda ba ta bambanta wake da tsakuwa in tana tsinta. Nas ɗinmu ta duba ta ce yanar ta nuna har ta fara kumbura, in aka bar ta za ta iya kashe idon ɗungurungum. Babban asibiti sun ba ta watan Afrilu. Likitocin da ke zuwa cibiyarmu ta ido sau ɗaya a shekara za su sauka ranar 18 ga Nuwamba, su yi kwana biyar, su yi wa mutum arba'in aiki kyauta. Ka fi ni sanin wanda ke zaɓar arba'in ɗin, tunda kamfaninku ne ya ƙera na'urar da ke jera sunaye, kuma na ji da hannunka a ciki.

Ranar rajista ina kan tebur, amma dokarku ta hana ma'aikaci ya rubuta danginsa, sai na tura ta wajen Shamima, abokiyar aikina. Yarinyar kirki ce, 'yar unguwar Kawukudi, sai dai ba ta taso cikin tsofaffi irin namu ba. Ta bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya har ta kai ta goma sha ɗaya: kina da ɗa ko 'ya a kusa da zai riƙa ɗiga miki magani bayan aiki? Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Babu." Shamima ta danna babu.

Yaya, Mutawakilu yana tsaye a bayanta, riƙe da jakarta da sandarta. Shi ya ajiye motarsa ta haya a tashar Circle, ya bar fasinjan unguwar Madina, ya kawo ta. Kullum kafin ya fita sai ya ɗebo mata ruwa, in ya dawo ɗakinta yake fara shiga. Amma ɗan fari ne. Ka san kunyar ɗan fari a gidanmu: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna shi ta ce nawa ne, balle a gabansa, balle a gaban baƙuwa. Tun ina yarinya "mai motar nan" nake ji tana ce masa. Sauran ukun da ta haifa duk sun rasu, shi kaɗai ya rage mata.

Da na tsare shi na ce me ya hana shi magana, sai ya ce mini da Hausarsa ta Nima, wadda kowa namiji ne a cikinta, "Sista, yaya zan yi? Shi ya haife ni. Ya ce babu, ni in ce akwai a gaban mutane? Chale, ɗan'uwa, ba zan iya ba." Har dariya ya yi a lokacin, don bai san an rubuta wani abu mai nauyi ba.

Jiya jerin farko ya fito. Inna tana ta sittin da uku. Nas ta ce da an danna akwai, da tana cikin goman farko. Ranar 11 ga Nuwamba za a rufe jerin.

Raina a jagule yake, ba na ɓoye maka. Kalma ɗaya ce, kuma ka san gaskiyarta kamar yadda na sani. Don Allah ka shiga ta can ka gyara.

Taubashiyarka,
Hafiza


Kigali
Laraba, 9 ga Oktoba

Hafiza,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai mura da ta kama ni makon jiya, ta kuma sake ni. Ki gaishe da Mama, ki ce mata kwamfuta ba ta haihu ba tukuna, amma ba ta taɓa yi mini yaji ba. Na karanta takardarki har ƙarshe, sau uku ma. Na ga Gwaggo a zaune da kanta a sunkuye kamar ina wurin. Ita ta yi mini wankan farko da aka haife ni a Nima, ba sai kin roƙe ni a kanta ba.

Duk da haka ba zan taɓa takardar Gwaggo da hannuna ba. Bari in gaya miki dalili, ko da kin san rabinsa.

Kina ƙarama lokacin da Baba ya nemi a yi masa wannan aikin na ido. A lokacin babu na'ura, mutum ne zaune da biro da littafi. Shekara uku Baba yana zuwa da katinsa a aljihun gaba, tun asuba yake kama layi. Kowace shekara sai wani mai gida ko wani babban mutum ya aiko da 'yar takarda, mai biro ya karanta, ya gyaɗa kai, ya sa sunan mutuminsu. Baba mai gadi ne, ɗan Nijar, ba wanda zai rubuta masa takarda. Mai biron nan ya san shi sarai, suna sallah a masallaci ɗaya, har gaisawa suke yi. Ni na riƙe wa Baba sanda shekara shida kafin ya rasu. Da aka ce za a ƙera abin da bai san ɗan wane ba, bai san gaisuwa ba, ni na nemi a sa ni a ciki. In yau na buɗe na gyara wa Gwaggona, me ya raba ni da mai biro? Shi ma na tabbata kowane suna da ya sa, yana da dalilin da ya gamsar da shi.

Tambayar nan kuma ba don mugunta aka sa ta ba. Bayan aikin yanar ido, sai an ɗiga magani sau huɗu a rana har wata guda. In ba a yi ba, idon yakan ruɓe, a yi asarar aikin da idon tare, alhali wani yana can an bar shi a layi. Na'urar ta koyi wannan ne daga takardun mutum dubu tara da aka yi wa aiki. Ba ta ƙi Gwaggo ba. Abin da aka gaya mata ta yi aiki da shi.

Akwai hanya a cikin dokar. Mai neman a yi masa aikin ido yana da damar dawowa sau ɗaya ya gyara amsarsa da bakinsa, a gaban ma'aikata biyu, a naɗi muryarsa, ya faɗi sunan mai kula da shi da lambar wayarsa. Ki lallashe ta ki kai ta. Ki sa Mutawakilu ya tsaya a waje.

Akwai kuma wani abu da nake dubawa ta nan, amma ba na son in ce komai sai na tabbata. Ki ba ni lokaci.

Allah Ya ba ta lafiya. Ki daina fushi kafin ki gama karatu, na san kin fara tun sakin layi na biyu.

Yayanki,
Izzuddeen


Maamobi
Lahadi, 13 ga Oktoba

Yaya,

Salam. Muna lafiya, Allah Ya raba ka da mura. Ka yi daidai, tun layi na biyu na fara, kuma har yanzu ban huce ba.

Na yi yadda ka ce. Kwana biyu ina zarya Nima ina lallashi. Ranar Juma'a da safe ta yarda, ta sa mayafinta na zuwa suna, muka tafi. Mutawakilu ya tsaya can bakin titi wajen mai kwakwa. Shamima da nas suka zauna, aka ajiye mata waya a gabanta tana naɗa.

Nas ta ce, "Maame, kina da ɗa?"

Inna ta gyara mayafinta. Can ta ce, "Akwai mai motar nan."

"Ɗanki ne?"

"Yana dai gidan."

"Maame, sai kin faɗi sunansa. Haka abin yake so."

Na ga leɓenta yana motsi, wallahi ta gwada. Sai ta juyo inda take jin numfashina ta ce, "Hafiza, shekara arba'in da shida ban kira ba. Uwata ba ta kira na yayanmu ba har ta koma ga Allah. Sai yau, don ido, a gaban rediyo?" Ta lalubi sandarta.

Don kada damar ta tafi a banza, na ce ta ba da sunan Zakiya, maƙwabciyarta mai sayar da koko. Wannan ta faɗa ba gargada. Na'urarku ta karɓa, ta ɗaga ta daga sittin da uku zuwa hamsin da biyu. Nas ta ce wai na'urar ta koyi cewa maƙwabci yakan gaji a kwana na biyar. A ina ta koya? Cikin dubu taran nan naka, mutum nawa ne 'yan Zongo irinmu? Zakiya ce ta yi jinyar mijin Inna wata bakwai, ba ta haɗa komai da su ba sai katanga.

Maganar Baba Maman ta sa ni kuka, Allah Ya jiƙansa. Amma ka saurare ni. Shi an san shi aka tsallake shi, Inna ba a san ta ba aka tsallake ta, kuma duhun da ke jiran ta irin nasa ne. Kana magana kamar abu biyu ne kawai a duniya, mai biro azzalumi ko na'urar da ba ta san kowa ba. Ina mutumin da zai ɗaga kai ya ga ƙato tsaye da jakar tsohuwa, goshinsu iri ɗaya, ya gane? Ka ce abin da aka gaya mata ta yi aiki da shi. To wa ya koya mata tambaya? Wanda ya rubuta tambayar nan bai taɓa zama da tsohuwar gidanmu ba, ko kuwa ya zauna ya manta.

Ka ce ba za ka taɓa da hannunka ba. Na ji. Hannunka ya zauna da tsabtarsa.

Hafiza


Maamobi
Lahadi, 27 ga Oktoba

Yaya Izzuddeen,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka shiru. Mako biyu ke nan. Waya ta nuna mini ka buɗe takardata tun ranar da na turo ta. Na kira sau huɗu ba ka ɗauka ba.

In maganata ta yi zafi, ka yi haƙuri, taubashiya ce ta faɗa. Amma kada ka hukunta Inna da laifin bakina. Jiya ta zuba ruwan zafi a gefen kofi ya sauka mata a ƙafa. Mutawakilu ya daina aikin yamma don ya zauna da ita. Kullum sai ya tambaye ni, "Sista, kwamfuta ya ce me?" Na rasa abin da zan riƙa ce masa.

Saura kwana goma sha biyar a rufe jeri. Ko "a'a" ce, ka rubuto mini ita in san inda na tsaya.

Hafiza


Kigali
Talata, 5 ga Nuwamba

Hafiza,

Assalamu alaikum. Lafiyata lau, kuma ba fushi nake ba. Ki yafe mini shirun nan, yau zan iya buɗe baki.

Akwai kwamitin mutum uku da ke da ikon duba ƙorafi a kan hukuncin na'urar, likita ɗaya da wasu biyu. Tun da aka kafa shi bai taɓa zama a kan cibiyarku ba, don ba wanda ya san da shi. Laifinmu ne wannan. Na shigar da ƙorafi tun ranar 10 ga Oktoba. Da na bayyana cewa Gwaggona ce, suka ce to kada in yi magana da kowa a gidan har su sa rana, don kada a ce mun shirya baki. Shi ya sa nake ganin kiranki ina kallo. Ban taɓa jin nauyin waya irin na makonnin nan ba.

Ban tsaya a kan Gwaggo kaɗai ba. Na bi takardun cibiyarku na shekara uku, na sami tsofaffi mata goma sha ɗaya da suka ce babu ɗa, alhali a layin "wanda ya rako" an rubuta namiji mai adireshi ɗaya da su. Da na nuna wa likitar kwamitin, ta cire tabarau ta dafe kai. Kin yi gaskiya a kan wanda ya rubuta tambayar. Ni ne, kuma na zauna da tsofaffin, na manta.

Za su zauna ranar Juma'a, 8 ga wata. Shaidar Zakiya da ta limamin unguwa ta isa, ba sai Gwaggo ta faɗi suna ba. Ina da kyakkyawan zato ƙwarai. Abu ɗaya kawai: kada kowa ya buɗe takardarta a na'ura kafin ranar. Ki bar ta yadda take.

Ki ce wa Mutawakilu ya koma aikin yammansa.

Yayanki da kika ce mai tsabtar hannu,
Izzuddeen


Maamobi
Laraba, 6 ga Nuwamba

Yaya,

Takardarka ta same ni a gida, don tun Litinin ba na zuwa aiki. An dakatar da ni.

Ranar Juma'ar da ta wuce, 1 ga wata, da maza suka tafi masallaci, nas ta fita cin abinci, na zauna a tebur na buɗe takardar Inna da lambata. Na goge Zakiya. Na danna akwai ɗa, na rubuta Mutawakilu Osumanu, na sa lambar wayarsa. Ba ƙarya ko ɗaya a abin da na rubuta. Jerin ya juya a gabana, na ga Inna ta hau ta tara. Na yi hamdala a fili ni kaɗai a ofis.

Ko minti goma ba a yi ba, layinta ya dushe ya koma ruwan toka. Rubutu ya fito cewa ma'aikaci mai dangantaka ya taɓa wannan takarda, an kulle ta kwana talatin don bincike. Yanzu ba ta ta tara, ba ta ta hamsin da biyu. Ba ta cikin jerin gaba ɗaya.

Na koma na karanta takardarka ta farko. Ga shi nan ka rubuta, "ki ba ni lokaci." Wallahi ban gan shi ba sai yau. Idona ya tsaya a kan "ba zan taɓa ba", sauran na ɗauka irin maganar da mutanen ofis ke sallamar mutum da ita ce. Amma kai ma, Yaya, kwana ashirin da bakwai! Ko kalma biyu, "ki jira", wane kwamiti ne zai kama ka a kanta? Ka bi dokarsu har ka bar ni ina hauka ni kaɗai.

Ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa Mutawakilu ba. Ba na iya bin hanyar Nima ma. Don girman Allah ka gaya wa mutanen nan uku cewa hannuna ne, ba nata ba. Su kore ni har abada, na yarda. Su buɗe ta kafin Litinin.

Hafiza


Kigali
Talata, 12 ga Nuwamba

Hafiza,

Salam. Ina fatan kin ci abinci, don na san ki in ranki ya ɓaci.

Sun zauna. Sun yarda da komai: Gwaggo tana da ɗa, tambayar ce gurguwa, abin da kika rubuta gaskiya ne. Amma dokar ta ce takardar da ke kulle ba a sauraron ƙorafinta sai bincike ya ƙare. Na roƙa har muryata ta canza. Shugaban ya dube ni ya ce, "Kai ka kawo mana dokar nan, ka ce ko uwarka ce kada a ɗaga." Haka ne. Ni na rubuta kullen kwana talatin, ina tuna mai biro lokacin da nake rubuta shi. Likitar ta goyi bayana, biyun suka ce in aka buɗe wa ɗan kamfani yau, gobe ba su da bakin hana kowa. Ban iya ce musu sun yi ƙarya ba. Jiya aka rufe jerin.

Ba zan ɗora miki ba. Na gina abin da ba ya jin roƙo, sannan na yi mamaki da bai ji nawa ba. Na sake rubuta tambayar. Daga baɗi za a tambayi mutum wa ke kawo masa ruwa da safe, wa ya rako shi, kuma ma'aikaci zai iya rubuta abin da idonsa ya gani. Na san wannan bai yi wa Gwaggo komai ba.

Yanzu ki saurara da kyau, wannan ya fi duk abin da ke sama. Likitar ta ce waɗanda ke cikin jeri za a auna musu ƙarfin ido a makon nan, Gwaggo kuwa ba wanda zai auna ta. Ki je Nima yau. In ta ce kanta yana ciwo ta gefen idon, ko ta yi amai, ko idon ya yi ja, kada ku kwana, ku kai ta kowane asibiti ku ce gaggawa ce. Ba za ta faɗa da kanta ba, sai kin tsare ta.

Ki rubuto mini ko zagi ne.

Izzuddeen


Maamobi
Lahadi, 1 ga Disamba

Yaya Izzuddeen,

Assalamu alaikum. Mama tana lafiya, ni ma jikina lafiya. Na ga kiranka duka. Ga abin da ya faru, zan faɗa maka shi a jere don kada in tsallake nawa laifin.

Takardarka ta 12 ga Nuwamba ta shigo ina kallo. Na karanta sakin layi na biyu har zuwa "amma", na ga inda ta dosa, na kife wayar. Na ce ai ka iya shiru, bari ka ɗanɗana. Ban sake buɗe ta ba sai ranar Alhamis, 21 ga watan. Kunya kuma ta hana ni zuwa Nima duk kwanakin nan. Da na kai ƙarshen takardar, ko takalmi ban sa daidai ba na fita.

Na sami Inna kwance, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau. Zakiya ta ce kwana takwas ke nan tana amai, suna ba ta jiƙo, sun ɗauka ciwon shawara ne. Mutawakilu ya so kai ta asibiti, ta ce masa ciwon kai ne kawai, kada ya ɓata aikinsa. Idon ya yi ja wur. Daren nan ma ta ƙi yarda a fita da ita.

Washegari Juma'a ce, ranar ƙarshe ta likitocin. Ba ni da izinin shiga cibiyar, na shiga. Mutawakilu ya goyo ta daga bakin titi. Na tsaya a baranda har babbar likitar ta fito wanke hannu, wata 'yar Tamale mai furfura, na tare ta. Ba ta tambayi kati ba, ba ta tambayi lamba ba. Ta ciro 'yar tocila ta haska, ta taɓa idon da yatsa biyu, ta ce, "Me ya sa sai yau?" Ta dubi Mutawakilu ta ce, "Ɗauko mahaifiyarka ka biyo ni." Ba wanda ya gaya mata ko shi wane ne.

An yi aikin da la'asar. Ciwon ya tafi, tana barci, tana cin abinci. Amma jijiyar ta riga ta mutu. Tana gane rana da inuwa, shi ke nan, kuma likitar ta ce kada mu sa rai da ƙari.

Akwai abin da ba na son rubutawa, amma haƙƙinka ne ka ji. Gurbin aikin da aka ba Inna, na mutum na arba'in ne. Wani tsoho, Fuseini, mai gadin shaguna a Kawukudi. Tun safe yake zaune da 'yarsa, bai ci komai ba saboda aiki, an riga an ɗiga masa maganin farko. Aka ce ya dawo baɗi. Bai yi faɗa ba, ya tambayi 'yar ina takalminsa. Ni na tare likita a baranda, shi ba shi da mai tare masa. Na tuna Baba Maman, na kasa kallon mutumin. Har yau ban san ko daidai na yi ba, kuma da za a mayar da ni ranar, na san zan sake yi. Kada ka ce mini komai a kan wannan tukuna.

Shekaranjiya na zauna na gaya wa Inna duka, da goge-gogen da na yi, da kullenka, da takardar da na ƙi buɗewa. Na zaci za ta yi kuka ko ta kore ni. Ta ce ido na Allah ne, Ya ba ta aro shekara sittin da biyar. Sai ta kasa kunne ta tabbatar Mutawakilu yana can bakin famfo, ta jawo hannuna ta rage murya.

"Abin nan na Izzuddeen, yana mantuwa?"

Na ce ba ya mantuwa.

"To har yanzu a rubuce yake a cikinsa ba ni da ɗa?"

Na ce da aka kulle, an mayar da amsarta ta farko, haka yake a rubuce.

Yaya, duk kwanakin ciwon nan ban ga hawayenta ba sai a nan. Ta ce, "Ni kunya na yi, ban ce a rubuta ba. In na mutu wani ya buɗe ya karanta fa? In shi ya gani fa? Ki gaya wa Izzuddeen ba aikin ido nake nema ba, na yafe. Ya goge wannan kawai. Ya rubuta akwai. Sunan ai ya san shi."

Yau kullen ya cika kwana talatin. Nas ta ce damar gyara da baki sau ɗaya ce, kuma Inna ta riga ta ci tata, don haka ba wanda zai iya canza amsar daga nan. Babu jeri yanzu, babu wanda za a tsallake, ba abin da za ta samu. Na san abin da ka rantse a kan hannunka, kuma yanzu na san ba a banza ka rantse ba, don haka ba zan matsa maka ba. Saƙo aka ba ni, na isar.

Ta ce in ka yi, in zo in karanta mata da bakina, lokacin da ya fita aiki.

Taubashiyarka,
Hafiza